Gemun Yaya

Mai-aski bai zaɓi sana'arsa ba, cusa shi aka yi cikinta kamar ƙafa a takalmin wani. Ubansu ya rasu yana ƙarami, yayansa ya ja shi shago ya damƙa masa aska a hannun dama. Askar ta ƙi zama. Aka yi duka, aka yi zagi, hannun hagu ya ce shi ne maigida. Da Yaya ya gaji sai ya ce, "Je ka, Bahago, yanka mutane da wanda ka ga dama." Sunan ya tsaya a bakin Yaya shi kaɗai, sauran duniya Mai-aski take ce masa.

Shagon kujera ɗaya ce mai gurguwar ƙafa, da madubin da ya tsage a gefe, da fatar wasa aska rataye a ƙusa. Dokar Yaya ba ta da yawa. A wasa aska a gaban mai gemu, ya ji da kunnensa. A sa babban yatsa a ja fatar kunci ta miƙe. A fara daga gindin kunne, maƙogwaro ya zo ƙarshe, kuma in aska ta hau maƙogwaro kowa ya yi shiru. Maza kuwa suna yi. Da za su yi wa matansu rabin ladabin da suke yi wa mai aski, da duniya ta zauna lafiya.

Haka Mai-aski ya tsufa a bayan kujerar nan. Ya yi aure, ya aurar da 'ya'yansa mata suka tafi garuruwan mazajensu, matar ta rasu. Washegarin binne ta ya buɗe shago. Mutane suka ce taurin zuciya ne. Ba shi ba ne, bai san inda ake ajiye hannu ba in babu aska a ciki. Daga baya injin aski ya zo, samari suka koma shagunan kiɗa da fanka, tsofaffin da suka rage kuma mutuwa ta yi ta ɗauka ɗai-ɗai kamar kaza da tsaba. Ya sa wa shagon kwaɗo, bai ko waiwaya ba.

Gemu ɗaya ya rage masa a duniya, na Yaya.

Yaya yana kwance a gidan autarsa, gigin tsufa ya cinye masa kai. Auta ce ke wanke shi, tana ba shi abinci a baki, amma "baiwar Allah" yake ce mata. Ƙanen nasa ma in ya shigo kallon bango yake masa. Sai fa in ya ji aska tana kai da komo a kan fata. Nan idon zai dawo, in kumfa ta hau kunci ya ce, "Bahago, ja fata, ɗan banza." Iyakarta ke nan. Saboda wannan zagi Mai-aski yake ratsa gari duk mako da jakarsa, don babu sauran mai rai da ya san shi tun yana yawo ba wando.

Sai hannun hagu ya fara rawa. A kofin shayi ya fara gani, ya koma sha da hannun dama ya yi shiru da bakinsa. Amma aska ba kofi ba ce. Wata safiya askar ta zame a ƙasan haɓar Yaya, jini ya sauko kan farin tawul. Yaya bai ko motsa ba. Mai-aski ya tsaya yana kallon jan yana faɗi, bai ji komai ba sai sanyin ruwa a yatsunsa.

Auta ta danne wurin da auduga ta ɗago. "Baba Ƙarami, aski ka zo yi ko fiɗa?"

"Zamewa ta yi."

"Na ga hannun tun tuni, kunya ce ta hana ni magana. Yau kunyar ta ƙare. Uba ɗaya gare ni, ko bai san ni ba. Askar nan ba ta ƙara shigo mini gida."

Bai yi musu ba, gaskiya ta faɗa. Ta sayo inji ta miƙa masa. Mako na gaba ya kunna, abin ya yi ta kuka kamar ƙudan zuma a kwalba, gemu ya zube tas, ba ko ƙwarzane. Yaya ya dube shi da ladabi ya ce, "Sannu, bawan Allah. Wa ya aiko ka?"

Mai-aski ya koma gida ya ci abinci, ya wanke kwano, ya zauna. Aka jima ana haka. Yana zuwa, yana kunna inji, ana ce masa bawan Allah, yana komawa.

Ran nan Auta ta buɗe ƙofa ta gan shi da tsohuwar jaka. Ta tare hanya da ƙugunta.

"Kunnen naka ma ya fara rawa ne, Baba Ƙarami?"

"Ke za ki yi askin da injinki," in ji shi. "In kin gama ni in bi da bayan aska." Ya zaro askar, ya juya kaifin sama, ya goga gadon bayanta a kan hannunsa. Ko gashi ɗaya bai faɗi ba.

"Wasan yara da furfura."

"Shi ne."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta matsa. "Ina tsaye a kanka. Ka juya ta, in juya ka waje."

Ta aske gemun da inji. Shi kuma ya rataya fata a ƙusar labule ya shiga washi, a hankali, yadda aka koya masa. Ya kaɗa kumfa ya shafa a kuncin da babu komai. Ya sa babban yatsa ya ja, ya ɗora bayan aska a gindin kunne. Hannun yana rawarsa, ƙarfen yana kwashe kumfa. Kuncin dama ya wuce, na hagu ya wuce, Yaya yana kallon silin. Aka zo maƙogwaro, ɗakin ya yi tsit, har Auta.

Sai da Mai-aski ya ɗage hannu Yaya ya buɗe baki.

"Bahago."

"Na'am, Yaya."

"Askar nan ba ta ci. Ko ruwa ba za ta yanka ba. Uban wa ya koya maka washi?"

"Kai ne, Yaya."

"Ƙarya kake. Koma ka wasa ta."

Auta ta ɗauki kwanon ruwan ta fita da sauri, wai ya huce. Mai-aski ya goge kumfar a tawul, ya juya wajen fatar, ya sake farawa.