Hoton da na kai Affala

Shekarun baya can, lokacin ina lise, wato sakandare, a Tahoua, na samu wata tsohuwar ordinater, kwamfuta ke nan, a wurin yayana, na ɗauki kaina gwanin hoto. Aikina ke nan: in ɗauki abokai da salula, in mayar da su dodanni. Wannan in sa masa fiƙoƙi, wancan in ƙwaƙule masa ido. Karatu kuwa sai abin da hali ya yi.

Cikinsu akwai abokina ɗan Affala, da ke zaune gidan kawunsa saboda makaranta. Yana da tsage a kumatu irin na gidansu, yara na tsokanarsa wai kyanwa ta yakushe shi. Shi ya matsa min in yi masa nasa, wai ya fi na kowa ban tsoro. Na mayar masa da idanu jajaye, na bi tsagen nan ɗaya bayan ɗaya da ja, kamar yanzu aska ta bar wurin. Da ya gani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗora shi a shafinsa, bai sake canzawa ba. Ni kuma, da yake injin ba wuri, na goge na asalin ko a jikina.

Bai gama lise ba ya bi ƴan garinsu Libiya neman aiki. Can ciwo ya kama shi, can aka rufe shi. Ba jakarsa, ba salularsa, labari kawai ya dawo.

Da na je gaisuwa, mahaifiyarsa ta sa aka kira ni bayan mutane sun ragu. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko a ranar ba ta faɗi sunansa ba, "abokinka" take cewa. Ta ce an gaya mata ni ne mai ɗaukar hotuna. Ta ce saboda kunya ba ta taɓa tsayawa ta ƙare masa kallo ba, yanzu kuma tana so ta gan shi. Na ce mata to, alhali na san abin da ya rage a hannuna.

Na bi abokanmu, na je gidan kawunsa, ba wanda ke da wani hoton kirki. Sai na zauna gyaran dodona. Idanun ba su ba ni wahala ba. Jinin ne ya ƙi fita shi kaɗai, duk inda na share shi sai tsagen ya bi shi. Ƙarshe na ɗebo fatar goshinsa na shafe kumatun sumul. Ya yi kyau, har na yaba wa kaina. Na wanke shi a studiyo, na sa a gilashi, na hau mota zuwa Affala.

Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗago ta ce, "Ɗana, wanga ɗan wa na? Ina tsagenshi?"

Ƙarya ta ƙi zo min. Na gaya mata komai, har da cewa wancan na dodon ba abin da uwa za ta kalla ba ne. Ta miƙo hannu kawai ta ce in gwada mata. Na buɗe salula na ba ta, na sunkuyar da kai ina jiran kuka ko faɗa.

Da na saci kallonta, ta sa babban yatsa ta rufe jajayen idanun, tana kallon kumatun.

"Shi na," ta ce. "Hakanga huskatai tay yi ranar da wanzami yay yi mai su. Kakatai ta riƙe shi, ni ina ɗaki ina leƙe ta bayan labule."

Shi ta ce in wanko mata. Na roƙe ta ta bari in sake gwadawa, in zana tsagen da hannu, ta ce a'a, kada in ƙara taɓa shi. Na wanko na kai mata. Mai gilashin kuwa ta mayar min, yana nan cikin akwatina har yau, kyakkyawan saurayi da ba ɗan kowa ba.

Har yanzu ina aikin hoto, da shi nake ci. Ban ce wasanmu zunubi ne ba, shi da kansa ya fi kowa jin daɗinsa. Abin da ke cina shi ne rana ɗaya na riƙe fuskarsa yadda Allah ya yi ta, yana murmushi a ƙofar lise, na ga kamar ba a bakin komai take ba. Bara na bi ta Affala na gaishe da tsohuwar. Hoton na rataye a ɗakinta, ta liƙa ƴar takarda a kan idanun.