Almakashin Stamenka

A ƙauyenmu na gindin dutsen Rtanj, duk wanda gashin kansa ya fara zuba ko ya yi amosani, ƙofar Stamenka yake zuwa. Tsohuwa ce siririya, baki kamar reza. Kopriba, ganyen nan mai ƙaiƙayi, da hannu tsirara take tsinkarsa, ta dafa, ta haɗa da saiwoyi da tafarnuwa. Mu kaɗai ne ba ma taka gidanta, don surukina Radoje ya cinye wa marigayin mijinta gefen gona, magana tana kotu shekara da shekaru.

Sai ga makero ya kama kan 'yata Zlata tana shekara biyu. Ƙurajen suka yi mugunya, gashi ya dunƙule a kai, jiki ya yi zafi rau. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. Na goya ta na nufi gidan Stamenka, surukina yana bina a baya yana bambami.

Ta duba kan, ta ja tsaki. "Magani ba zai kai fata ba sai an aske."

Ba a taɓa sa wa Zlata almakashi ba, askin fari kuwa na kum ne, uban askin gida, namu kuma yana can Jamus yana aiki. Duk wanda ya yi askin a madadinsa ya zama kum, ya fi ɗan'uwan jini, ba a zaginsa, shi ma ba ya kai ka ƙara.

"A jira kum," in ji Radoje.

"Jira mana, tsohon banza," ta ce. "Kafin ya zo ka haƙa mata rami, ai ka iya haƙa a gonar mutane."

Na miƙa hannu zan ɗauki almakashin, Radoje ya riƙe ni. Uwa ba ta yin askin fari, wai in ta yi yaro ba ya rayuwa. Wallahi ranar na tsani mutumin nan.

"Iya, ki yi mata," na ce.

Ta kalle ni ido jawur. "Kin san abin da kike roƙo? In na taɓa gashin nan, gonar mijina Milisav ta tafi ke nan. Da baƙin cikinta ya mutu."

Zlata ta daina ko kuka, sai numfashi sama-sama. Can Stamenka ta yi alamar gicciye a ƙirji, ta ja yarinyar kan cinyarta ta fara yanka. Radoje ya cire hularsa. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta wanke kan da ruwan kopriba, ta shafa haɗinta. Da hanya ta buɗe muka kai Zlata asibiti, ta warke, gashi ya fito sai tabo ɗaya bayan kunne.

Da bazara Stamenka ta shiga motar gari da ƙafarta ta janye ƙarar. Surukina bai mayar da ko taku ɗaya na gonar ba. Har ta mutu, duk ranar biki tana zaune a kujerar girma ta teburinmu, ana zuba mata wake daga gonar mijinta.