Wanne Ne Kore?

Shekara talatin da 'yan kai yana gyaran wutar mota, har sunansa ya ɓace. Kowa Rewaya yake ce masa, har matarsa in ya ɓata mata rai. Rumfarsa na can ƙarshen gareji: tebur mai ƙafa uku da bulo, matattun batura, da gwangwanin fis da babu mai gane kansa sai shi.

In na'urar bincike ta nuna ƙwaƙwalwar mota ta daina magana da sauran sassa, makanikai kan ce a sayo sabuwa. Shi ko sai ya ja tsaki.

"Ku bi waya tukuna. Kai ma in aka shaƙe ka, magana za ka yi?"

Abin da ya ɓoye wa kowa, idonsa ya fara cin amanarsa. Tun bara kore da shuɗi suke zame masa abu guda. Ya san ranar da zancen ya zaga gareji ba mai sake miƙa masa makulli, ga shi bai iya wata sana'a ba.

Ana nan aka jawo motar wata malamar makaranta, ɓera ya ci mata wayoyi. Ya haɗa, ya naɗe da tef, mota ta ce ba ta san zance ba. Kwana uku yana kwance ƙarƙashin sitiyari. Ya gwada fis, ya kankare soket, ya auna wuta, bayansa kamar ya ɓalle. Wallahi ya gaji. Kullum in an tashi makaranta Malama na zuwa a ƙafa, takalminta buɗu-buɗu, ta zauna a benci ba ta cewa uffan. Gara ma ta zage shi.

Ran na uku ba abin da ya rage bai duba ba sai haɗin da ya yi da hannunsa. Ya warware tef ɗin, ya ƙura wa wayoyi biyu ido har hawaye ya taru. Ga makanikai uku tsaye a kansa. Ya ɗago kai ya kira Malama.

"'Yata, zo ki duba min. Wanne ne kore a nan?"

Ta leƙo. "Na hannun damanka, Baba. Ai da shuɗi ka haɗa shi."

Ya sauya, ya murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Malama ta yi ta godiya har da tafi.

Makanikan nan da ba sa barin kuskuren kowa ya wuce ba su yi masa tsiya ba, yau ko dariya babu. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, kowa ya koma kan aikinsa.