Kobon da Hujinsa Ya Kauce

A gidanmu na zangon Yandi, da an idar da sallar magariba Kaka Habi takan tura doya cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye murhu. Haifaffiyar Salaga ce, kuma ba ta taɓa yarda doyar wani gari ta kai ta garinsu ba. Ni ne babban jikanta namiji, don haka Maigida take ce mini, tana tsokanata wai miji ne marar ko sisi.

Ina ɗan shekara goma, lokacin da kuɗin ƙasarmu, sidi mai hoton wuri, yake yayi, na kamu da son tara tsofaffin kuɗi a gwangwanin madara. Sai labari ya zo cewa wani mutum daga Kumasi yana bin kasuwanni yana sayen kobo mai huji na zamanin Turawa, amma wanda aka yi kuskure wajen buga shi. Ni kuwa ina da guda, na tsinta a gindin kwandon Kaka, hujinsa ya kauce gefe. Kai, na cika baki! Duk ajinmu sai da na gaya musu ranar kasuwa zan sayar in sayi keke.

Ana gobe kasuwa na miƙa wa Kaka shi. Ko duba shi ba ta yi ba, ta dai murza shi da babban yatsa, ta ce mu matso, yau tatsuniyar kuɗi ce, mai jin barci ya bar mata doyarsa.

Wai kobo biyu ne suka haɗu a lalitar wata mai sayar da albasa 'yar Bawku, kowanne hujinsa a karkace. Suka yi ta gardama, kowa na cewa shi ne abin mamakin da babu irinsa. Da hayaniya ta ishe ta, ta kai su wurin wata makauniya mai canji a kasuwar Salaga. Makauniya ta shafa na farko, ta ji hujin zagayayye, bakinsa da kaifi, zanen tauraro da rubutu duk suna nan raɗau. Ta ce wannan haka aka haife shi, maƙerin ne ya yi atishawa yana cikin hudawa. Ta shafa na biyu, ta ji hujin ya yi tsawo kamar ƙwai, bakinsa sumul, rubutun ya shafe.

Nan Kaka ta sassauta murya irin ta makauniyar: "Kai kam lafiya lau aka haife ka. Igiya ce ta ci ka, da tafiya."

Na karɓi kobona na murza. Sumul, kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Wallahi na ji haushi, har da hawaye, ina tuna dariyar da za a yi mini a makaranta. Na ce ai mutumin Kumasi ba lallai ya gane ba. Kaka ta ce idan makauniya ta gane, mai ido biyu da gilashi fa? Sannan ta gaya mini cewa mahaifiyarta ce ta ɗaura kobon a ƙugu shekara da shekaru, tana fataucin goro tsakanin Salaga da Bawku.

"Keke dai babu, Maigida," in ji ta, tana ɓare mini doya. "Ci, kafin in sake ka."

An yi mini dariyar kuwa, mako guda ana kirana Mai Keke, kuma ban mutu ba.

Yau ina da 'yan kwabbai masu kuskuren maƙera na gaske, mutane kuma suna kawo mini nasu in duba. Nakan rufe ido in murza tukuna. Yawancinsu cin igiya ne da gugar hannu, kuma ba na ɓoye wa kowa. Abin da na daɗe ban fahimta ba shi ne dalilin da ya sa Kaka ba ta tsaya a kan gaskiyar kaɗai ba. Kwanan baya wani dattijo ya zo da nasa cike da sa rai. Na ce masa ba kuskure ba ne, na ga fuskarsa ta canza, sai na tambaye shi, "Baba, igiyar wa ce ta ci shi haka?" Ya gyara zama. Har aka kira la'asar yana ba ni labarin mahaifiyarsa.