Maganin Gwiwar Inna

A shekarun nan na alif ɗari tara da sittin da 'yan kai, sana'ata ɗaukar tsofaffi a Harami. Muna ɗora su a shibriya, wani gadon katako, mu zaga da su Ka'aba a ka. Tsohuwar kowa na ɗauka, ban da tawa. Gwiwoyin Inna sun kumbura har ta daina fita daga gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka, kuma ta rantse ba za ta hau katako ba sai ranar da za a yi mata salla. Burinta ɗaya, ta ƙara yin ɗawafi da ƙafarta.

Wani Basudane abokin aikina ya raɗa mini cewa a garinsu ana jiƙa ganyen hashish, wato wiwi, a man riɗi, a shafa wa mai ciwon gaɓoɓi, zafi ya lafa, barci ya zo. Ya buɗe tafin hannunsa ya ce haka ganyen yake, yatsu-yatsu. Iyakar karatun likitancina ke nan.

Ana nan sai na ga wata shuka mai yatsu ta tsiro a bakin magudanar ruwa, inda alhazan ƙasarmu ta asali ke kakkaɓe buhunansu. Na tuge ta, na dasa a gwangwani, na ɓoye bayan tanki a saman soro. Inna ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka kowane takalmi ya wuce a lungu sai in ɗauka 'yan sanda ne. Na rame, shukar ta yi ƙiba.

Na jiƙa ganyenta a man riɗi, kullum bayan la'asar nakan durƙusa in mulmula mata man. Ta ce tana jin sauƙi. Ni kuwa kai ya kumbura, har ina tunanin ajiye shibriya in koma ba da magani.

Ranar da zafi ya nemi ƙone shukar, na sauko da ita ɗaki a lulluɓe. Inna ta yaye zanen, ta tsinki ganye ta tauna. Sai ta dube ni.

"Kai, ɗan nan, a ina ka samo rama?"

A Makka aka haife ni, ban taɓa ganin rama ɗanya ba. Ita ma rabonta da ita tun barinta gida. Ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Ta sa na daka ƙuli-ƙuli, muka cinye asibitina a kwaɗo.

Ko wiwi na maganin gwiwa, har yau ban sani ba. Na tambaye ta sauƙin da take cewa tana ji fa? Ta ce gwiwa tana nan yadda take, hannuna ne ba ta so ya daina zuwa.

Juma'ar da ta biyo ta ce in kawo katakon, amma ni zan kama gaba, inda za ta riƙa ganin ƙeyata.