Magajin Mati Mai Rijiya

A ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Dawakin Tofa, da wuya ka sha ruwan rijiyar da Mati bai shiga cikinta ba. Tun yana ɗan shekara sha biyar yake bin mahaifinsa ginin rijiya, har ya kai in ya damƙi ƙasa ya murza, zai gaya maka gaba nawa za a yi kafin a tarar da ruwa. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa. Abokan wasansa kan ce ya fi sabawa da kwaɗi a kan mutane, shi kuwa sai ya yi murmushi ya wuce.

Gonar gadonsu, da aka raba ta tsakaninsa da ƙanensa Ɗanliti, kowa ya tashi da abin da bai kai ya ci da gida wata huɗu ba. Matarsa Sauda ta rasu. Cikin 'ya'ya biyar da suka haifa, ɗaya ce ta rayu, Rukayya, 'yar farinsa, wadda shan-inna ya taɓa wa ƙafa tun tana rarrafe. Mijinta ya mutu a hatsarin mota, ta dawo gida da yara uku tana sana'ar daddawa. Mati yana sonta kamar ransa, amma irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari. Shekara talatin da ɗoriya bai taɓa kiran sunanta ba. In zai yi maganarta sai ya ce "waccan", in ya sayo mata zane sai ya ba jika ya kai.

A shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, wani ɗan kwangila ya ɗauki Mati da Ɗanliti aikin rijiyoyin lambu. Masu ba da aikin sun sa sharaɗi: duk mai shiga rami sai an yi masa inshorar rai. Da farko Mati ya ƙi, ya ce rai na Allah ne. Sai da liman ya fahimtar da shi cewa ba ran ake saya ba, tanadi ne don na baya. Da ya ji haka, waccan ce ta faɗo masa a rai.

Ranar cike fom, ma'aikacin kamfanin inshorar ya kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa, dattawan gari sun kewaye shi. Mati ya miƙa katin ɗan ƙasa, aka kwafi lamba, aka tambayi shekaru da lambar waya, aka ɗauki hoto. Sannan ma'aikacin ya ce, "Baba, wa za a rubuta magaji? Sunansa cikakke, da lambar katinsa."

Mati ya buɗe baki. Ga sa'o'in mahaifinsa zaune, ga surukai. Sunan ya zo masa har maƙogwaro ya tsaya.

"Baba, layi yana jira."

"Rubuta Ɗanliti," in ji Mati, kansa a ƙasa.

Ɗanliti yana nan tsaye da katinsa a aljihu, aka rubuta. Mati ya dangwala yatsa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Ni kam har yau in na tuna, haushi nake ji, don kuwa duk dattawan nan sun san abin da ya riƙe masa harshe, amma babu wanda ya ce, "Yana da 'ya."

Washegari Mati ya bi ma'aikacin har tashar mota, inda ba idon sani. Ya ce a gyara. Ma'aikacin ya ce ana gyarawa, sai dai a kawo lambar katin wadda za a sa, don kamfani wanda ke rubuce yake ba wa, ba ruwansa da wane ne ɗa wane ne ƙane. Rukayya kuwa ba ta da kati. Wa ya taɓa kai gurguwa layin rajista?

Sau uku Mati yana ɗora ta a mota zuwa Ɗambatta, shagon wani mai yin rajista. Zuwan farko ba wuta, kuma mai shagon ya ce ba zai ƙona fetur don mutum ɗaya ba. Na biyu ba sabis. Na uku komai ya daidaita, sai na'urar ta ƙi ɗaukar yatsunta, wankin kalwa da toka ya cinye zanen. Aka shafa mai, aka goge, aka danna, shiru. Mai shagon ya ce ta huta da daddawa wata guda fata ta dawo. Rukayya ta yi dariya, ta ce, "Su kuma yaran su ci me?" A hanyar dawowa baƙin ciki ya cika Mati.

Ana haka aikin ya kai wani lambu mai ƙasar rairayi, irin wadda ke rufta wa mutum ba sallama. Mati ya san ta, ita ta ci mahaifinsa. Amma ranar da bai shiga ba, ba a ɗora tukunya.

Da hantsi ya ɗaura igiya a ƙugu, Ɗanliti ya riƙe ɗaya bakin kamar kullum. Ɗanliti ba mugu ba ne, sai dai 'ya'yansa tara, kuma rabon gidansa da tuwon rana an kwana biyu. Mati ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa na reto.

"Ɗanliti, batun takardar nan. In ta Allah ta kasance, abin da za su ba ka na waccan ne da yaranta."

"Subhanallahi! Yaya, daina yi wa kanka mugun baki."

"Ka dai ce ka ji."

"Ba a irin wannan magana a bakin rami. Yi bisimilla ka sauka, rana na yi."

Mati ya ɗaga kai ya dube shi. Ɗanliti yana duban igiya. Mati ya ƙara jira kaɗan, ko zai ji an ce "na ji". Ɗan kwangila ya danna hon daga bakin hanya.

Mati ya yi bisimilla ya sauka.