Ragayar Inna a Ɗakin Haya

Wata huɗu muka yi a Ƙaura Namoda Inna ba ta kwance ƙunshinta ba. Mun baro ƙauyenmu na gefen Dauran ne bayan damina biyu an hana mu zuwa gona. Kawu, ƙanenta da ke aikin kafinta a gari, shi ya samo mana ɗaki ɗaya na bulo. Tabarma kawai ta shimfiɗa. Tukwane a buhu, zannuwa a ƙulle, ragayarta naɗe cikin ƙwaryar da ta gada wurin uwarta. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce, "Ai kwana biyu za mu yi, da hanya ta yi kyau mu koma."

Ni kuwa na gaji. Na gaji da tsallake buhu in zan yi salla, na gaji da kwance ƙulli uku kafin in ga ludayi. Fura in ta dama a ƙasa take ajiyewa, kafin a juya tururuwa sun yi mata zobe. A gida ragaya na rataye a azara, ƙwarya bisa ƙwarya, ɓera sai kallo. Na sa a raina cewa in ragayar nan ta hau sama, Inna za ta zauna. In ba ta hau ba, wata rana zan dawo daga ɗibar ruwa in tarar ta hau mashin ta koma, kuma duk mun san abin da ke kan hanyar.

Na je shagon Kawu na ce ya ara mini injin huda katako.

"Ke? Mi za ki huda?"

"Ragaya zan rataya, Kawu."

"Yo 'yar boko, ki bari in zo Jumma'a mana."

"Jumma'a uku ke nan kana zuwa."

Ya yi dariya ya ɗauko. Ya nuna mini yadda ake: a fara huda ɗan siririn rami, sannan a sa ƙugiya mai gindin sukuru a murɗa har ta nutse. Ya zubo mini ƙugiyoyi a hannu. Ya fara cewa, "Amma ki hwara duba..." ni ko har na kai bakin titi. Ban tsaya ba.

Injin na lantarki ne, wutar unguwarmu kuma ba ta da lokaci. Kwana biyu ina zaune ina tashi, ido a kan ƙwan fitila. Ko tuwo nake tuƙawa sai na leƙo. Rana ta uku bayan azahar ƙwan ya kama. Na kife turmi a tsakar ɗaki na haye.

"Gidan mutane za ki ɓula?" in ji Inna. "Mu da za mu tahi?"

Na kafa bakin injin a silin na danna. Injin ya yi tsalle a hannuna, ya shige silin kamar an soka tsinke a tuwo, farar ƙura ta zubo mini a fuska. Har daɗi na ji da sauƙin abin. A wurinmu duk abin da ke bisa kai azara ce, ko damin gero ka rataya ba ta motsi. Ban taɓa tunanin wannan farin rufin bai fi kwali ƙwari ba. Na murɗa ƙugiya, na rataya ragaya, na ɗora ƙwaryar Kaka da furar da ke ciki. Na sauko na ce, "Kin gani?"

Ban rufe baki ba ragayar ta faɗo, da ƙugiyar da ɓallin silin. Ƙwarya ta tsage tun daga baki har gindi, fura ta malale a tabarma.

Inna ta durƙusa ta ɗauki ƙwaryar tana duban tsagar. Da zagina ta yi ya fi mini. Na ja mayafi na fita, na yi ta tafiya har wajen tashar jirgi, na juyo, na sake komawa. Abu guda ke yawo a kaina: na fasa mata abin da ya rage na gida, yanzu kam ta tafi.

Da na dawo wajen la'asar na tarar da ɗakin a hargitse. Duk ƙullin nan a kwance, zannuwa a gefe, tukwane a waje. Na ɗauka shirin tafiya take. Ashe basilla ta nema. Tana zaune da ƙwaryar a cinya tana ɗinke tsagar, huji kusa da huji.

"Ke ba haƙuri, ba kunne," ta ce ba ta ɗago ba. "Ko azara ai sai an ƙwanƙwasa an ji ko gara ta ci ta."

Ta miƙe ta ɗauki muciya, ta fara bugun silin a hankali tana tafiya. Kwam, kwam, wofi. Kusa da taga sautin ya sauya, ya yi nauyi.

"Nan akwai icce. Hau, tun ba su ɗauke wuta ba."

Na jawo turmi. Wannan karon injin sai da ya yi nishi, garin katako ya zubo. Ƙugiyar ta ƙi murɗuwa da hannu, sai da na zura ƙusa a cikinta na juya. Inna ta kama ragayar ta ja da ƙarfi, sau biyu.

"Ƙugiya guda nawa Kawunki ya ba ki?"

"Saura biyar."

Ta dubi zannuwan da ke zube, ta dubi gidan sauro da tun zuwanmu bai fita leda ba. Ta sake ɗaga muciya.